Ɗinkakken Baki a Ƙofar Dolab

Tun ina da cikinta nake tsoron kada in haifi abin da ba zai yi magana ba. Ban san inda na samo wannan tsoro ba. A danginmu babu kurma babu bebe, mu surutu ma yawa ya yi mana. Amma ko kisra nake yi, wainar dawarmu mai faɗi, hannuna a kan wuta, sai in ji zuciyata ta ce, in fa ta zo shiru? Ban faɗa wa kowa ba, kada a ce na yi wa cikina mugun baki.

A shekarar ne yaƙi ya koro mutane zuwa Gadarif. 'Yan'uwan mijina suka zo daga Khartoum a bayan mota, yara a kan katifu. Muka bar musu ɗakinmu, ni da shi muka koma tsohon ɗakin mahaifinsa da ke can ƙarshen gida, wanda yake a kulle tun rasuwarsa. Ni ban san surukin nawa ba, ya rasu kafin a kawo ni. An ce tela ne a kasuwa, mai yawan dariya, mai son jarida.

A ɗakin akwai dolab ɗinsa, babban kabad na katako da yake ajiye yadin mutane. Ƙafafunsa huɗu suna cikin gwangwanaye saboda gara. Ƙofar dolab ɗin kuwa tun daga sama har ƙasa zane-zane ne da ya yanko daga tsofaffin jaridu, irin wanda ake ce wa karikatir, ya manna da ƙaro. Duk sun yi ja kamar an jiƙa su a shayi. Akwai wani mai tumbi kamar randa zaune a kan buhunan dawa. Akwai kujera da ta yi saiwa a ƙasa. Akwai layin burodi mai tsawo, na gaba yaro ne, na baya ya yi furfura har da sanda. Wannan na layin na gane shi ba tare da kowa ya faɗa min ba, don ranar ma daga layin na dawo.

Babu ko ɗaya a cikinsu mai ido. Duk inda ido yake an cike shi da baƙi.

Na tambayi surukata, wadda muke kira Hajja. Ta ce ita ta yi, da kwalli da tsinke. Mala'iku ba sa shiga ɗakin da hoto yake kallon mutane. Marigayi ya ƙi a cire takardunsa, ita kuma ta ƙi kwana a gaban idanu, sai suka tsaya a kan haka: ya riƙe hotunansa, ta kashe musu ido.

Guda ɗaya yana ƙasa-ƙasa, daidai fuskar wanda ya kwanta a angareb, gadonmu na igiya. Wani ƙato ne da kayan soja, hularsa ta fi kansa girma, ƙirjinsa cike da lambobi. Ya sunkuya kan wani siriri da ke zaune a kujera 'yar tsuguno, yana ɗinke masa baki da basilla, irin wadda ake ɗinke buhun riɗi. Ɗinkin ya kai rabin leɓe. Kumatun siririn sun kumbura, ga ramukan baƙi biyu a inda ido yake. Ƙasan zanen kuma, daga ƙugun ƙaton zuwa ƙasa, an rufe shi da takardar buhun sukari.

A gaban wannan na kwanta watannin cikina na ƙarshe. An ce mai ciki ta kwanta ta hagu, hagun kuwa dolab yake kallo. Duk barcin rana da shi nake rufe ido, da shi nake buɗewa.

Da na haife ta ta yi kuka sosai, har unguwarzoma ta ce wannan za ta cika gida. Na yi hamdala, na ce tsorona ya tashi a banza. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta, yarinyar nan nake cewa.

Ta zauna a kan lokaci, ta yi rarrafe, ta yi tafiya. Maganar ce ba ta zo ba. 'Ya'yan baƙinmu da aka haifa bayanta suna Mama suna Baba, ita sai dai ta kama bakin zanena ta ja ni zuwa ga abin da take so. Kukan ma ya ragu. In ta faɗi sai ta tashi ta dube ni, bakin a rufe gam. Muka shiga raksha, keken nan mai ƙafa uku, muka je asibiti. Likitar ta kaɗa cokali a kofi ta bayanta, yarinya ta juya. Ta ce kunne lafiya, harshe lafiya, ku riƙa yi mata hira, wasu suna jinkiri. Hajja ta karɓo rubutu aka ba ta ta sha. Ta wuce shekara biyu, tana neman ta uku, shiru.

Wata rana wata maƙwabciyarmu ta shigo ɗakin aron turmi. Ta tsaya tana kallon ƙofar dolab, ta dubi angareb, ta dubi yarinyar.

Ta ce, "A nan kika kwanta da cikin?"

Na ce a nan.

"Fuskarki nan?"

Ta ce la'ilaha illallahu, ta ɗauki turmin ta fita, ko sallama babu. Kowa ya san abin da mai ciki ta yawaita kallo yana bin ɗa. Ni ma na sani. Kawai ban taɓa barin zuciyata ta haɗa biyun ba sai ranar.

Lokacin yankan riɗi ne, mijina yana mashru, babbar gona a wajen Basunda, sai an gama zai dawo. Damina ta ɗauke, baƙar ƙasar nan tamu ta tsattsage, rana tana dukan kwano. Bayan azahar gidan yakan mutu. Kowa ya kwanta, ko akuya ba ta motsi. A irin wannan lokacin ina wanke kwanuka a gindin rakuba, rumfar tsakar gida, na ji dariya.

Dariyar yaro ce, siririya, daga ɗakinmu. Ban san muryar ba. Na zaci ɗaya daga cikin 'ya'yan baƙi ne ya shiga, na tashi in kore shi. Da na ɗaga labule, ita kaɗai ce. Ta tsuguna a gaban dolab, goshinta ya kusa taɓa katakon, tana dariya har kafaɗunta suna rawa. Rabon da in ji sautin bakinta har na manta. Ya kamata in yi murna, amma sai na ji tsigar jikina ta tashi. Na kira ta. Ta juyo, dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Ta kalle ni, ta sa yatsu biyu a leɓenta na sama, ta sauke su kan na ƙasa, ta sake hawa sama, ta sake sauka, tun daga gefe har tsakiya. Daidai inda ɗinkin hoton ya tsaya ta tsaya.

Washegari haka. Jibi haka. In na ɗauke ta na kai ta ɗakin Hajja, da na juya baya ta koma. Ranar da abin ya ƙare min, na same ta tana barci a ƙasa a gaban dolab, da baƙin zare kwance a kan bakinta. Zai yiwu daga bakin tob ɗina, mayafin da nake naɗawa, ya fita, ya ɗan zare a gefe. Zai yiwu daga dolab ɗin ne, ai na tela ne. Na faɗa wa kaina duk wannan ina tsaye, sannan na sunkuya na cire shi.

Na kira mijina. Layin yana yankewa, ina jin iska da muryoyin masu yanka. Na ce a bar ni in kankare hotunan in ƙone. Ya ce, "Kada a taɓa kayan Baba sai na dawo." Na ce 'yarka ce fa. Ya ce, "Takarda ce, ke ma kin sani," layin ya tafi.

Hajja da ta ji ta ce, "Ubansa ne, amma mijina ne kafin ya zama ubansa. Bari Juma'a ta wuce. Asabar da safe ki kawo wuƙa da ruwan zafi."

Dalilin Juma'ar shi ne wani tsoho, abokin marigayi, wanda suka yi shekaru kekunansu na ɗinki suna jere a baranda ɗaya a kasuwa. Duk Juma'a bayan masallaci yakan biyo ya gaishe da Hajja ya sha jabana, gahawarmu. Hajja ta ce ba za a ƙone kayan abokinsa bai yi musu kallon ƙarshe ba.

Ya zo da sandarsa. Ya ga yarinyar a bakin ƙofa ya ce, "Matata, har yau fushin ne? To in kin ƙi yi min magana zan auro wata." Ta kalle shi kawai. Da ya sha kofin farko Hajja ta faɗa masa abin da ake ciki, ni kuma na kasa riƙewa, na faɗi komai har da zaren. Bai yi dariya ba. Ya ajiye kofin ya ce a kai shi.

Na sa masa kujera a gaban dolab. Idonsa ya yi hazo, sai da ya kai fuskarsa kusa. Ya daɗe yana kallo.

"Allah ya jiƙanka," ya ce, da katakon yake magana. Sannan ya ce da ni, "'Yata, ke me kika gani a nan?"

Na ce mugu yana ɗinke bakin bawan Allah.

"To. Wane ne mugun?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ba zan faɗa miki ba. Sun yi yawa, kuma hularsu iri ɗaya ce." Ya waiwaya wajen labule kafin ya ci gaba, muryarsa ta sauka, ko da yake mu uku ne sai yarinya. Ya ce a zamanin mutumin nan ko a baranda ba a magana, in biyu suna hira na uku ya zo sai a koma zancen farashin yadi. Da mulkinsa ya faɗi, aka bar jaridu suka yi numfashi na ɗan lokaci, a nan aka buga wannan. Ranar da ya fito, jarida ɗaya ta zaga duk layin teloli har ta yage, sai marigayi ya je ya sayo tasa.

"Dariya muka yi, ya bitti, 'yata. Har wani ya ɗinka aljihu a bayan riga."

Na ce, "Baba, ina abin dariya a nan?"

"Mai zanen nan ba ya ɓarnar tawada. Duk abin da ya ƙara wa girma, da dalili. Duk abin da ya cire, da dalili. Duba hular."

Na ce ta fi kan girma.

"Saboda me?"

Na ce ko don kan ƙarami ne, babu komai a ciki. Ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce in ƙara dubawa. Shekara uku ina kwana da hoton nan, sai ranar na ga ƙaton ba shi da kunne ko ɗaya, hula ce zaune a kan wuya. Siririn kuwa kunnuwansa kamar faifai. Na faɗa. Ya ce to, wanda ba ya ji shi ne yake tsoron abin da za a ce, wanda aka hana magana kuma komai a kunnensa.

"Kumatun fa?"

Na ce zafi ne, kuka yake son yi.

Ya juya wajen Hajja. "Kin gani ko, Hajja? Kin ga aikin kwallinki?"

Hajja ta ce, "Kai dai sha jabanarka. Ni na kwana a ɗakin, ba kai ba."

Ya ce siririn nan da yana da ido. Idon ba ƙaton yake kallo ba, ya karkace ne yana leƙen ƙasa, ta gefe, irin kallon yaron da ya ga abu a masallaci yana tsoron ya fashe. Dariya yake riƙewa, shi ya sa kumatun suka cika. Da aka cike idon da baƙi sai ya koma mai kuka.

Na ce me yake leƙe?

"Ke matar gidan teloli ce. Bi zaren."

Na sa yatsa a kan leɓen siririn. Zaren ya fita daga nan ya shiga kafar basilla, ya zagayo ta bayan hannun ƙaton, ya sauko ta gefen cikinsa, ya bi ƙugunsa, ya shige ƙarƙashin takardar sukari. Nan na ga abin da ban lura da shi ba. Kusurwar takardar ta ƙasa ta ɗago, ta yi laushi, ta yi baƙi da dattin ƙananan yatsu. Babba a tsaye ba zai gani ba. Sai mai tsawon yarinyata, in ta tsuguna.

Na dubi Hajja. Ta ja tob ta rufe rabin fuskarta. Ta ce ita ta manna. Ba a daɗe da buga zanen ba wani sojan ya hau mulki, aka zo kasuwa aka tafi da wani mai shago saboda irin wannan takarda a bangonsa, bai dawo da wuri ba. Ta ce da marigayi ya cire, ya ƙi. Sai ta dafa ƙaro ta rufe wajen da ya fi muni.

"Kuma ba abin kallon mata ba ne," ta ce.

Tsohon ya ce, "Kawo ruwan zafin naki yau, 'yata. In za a ƙone shi, a ƙone shi an san me aka ƙone."

Na jiƙa tsumma na riƙa dannawa a hankali. Yarinyar ta zo ta tsaya a jikina, numfashinta a wuyana. Kwanon rufi da rana ke gasawa yana ƙara. Takardar ta saki kaɗan-kaɗan, wani wari ya taso kamar na tsohon buhu.

Zaren daga wandon ƙaton yake fitowa. Da zaren wandonsa yake ɗinkin. Duk jan da ya yi, wandon yana warwarewa ta baya, har ya sauka gwiwa, abin da Allah ya rufa masa duk yana waje, shi kuwa ya duƙufa a kan aikinsa bai sani ba.

Tsohon ya fashe da dariya har tari ya kama shi. Hajja ta ce a'uzubillahi, ta juya baya, amma ina ganin kafaɗunta. Ni ma na ji dariyar tana taso min, sai idona ya kai kusurwa.

A can ƙasa, bayan ƙafar ƙaton, akwai 'yar yarinya. Ƙarama ce, ba ta fi kan yatsa ba, da ɗan tsagin kitso biyu a tsaye. Ta miƙa hannu tana nuna wandon, bakinta a wangame. Ita kaɗai ce a duk ƙofar nan take da ido, don kwallin Hajja bai kai gare ta ba. Idon kuma ba wandon yake kallo ba. Waje yake kallo, wajen mai kallonta. Daga bakinta an ja ɗan da'ira irin wanda ake rubuta magana a ciki. Gara ta cinye cikinsa tas. Rami ne kawai, ana ganin katako.

Kitso biyu na yi wa 'yata a satin, don gashinta bai kai na uku ba.

Ta saki wuyana ta matsa. Ta ɗora yatsa a kan 'yar zanen, ta juyo ta kalle ni, ta ce, "Ni."

Muryar ta fito a shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Hajja ta zube a ƙasa tana salati. Tsohon ya daina tari. Na ce, me kika ce? Sake faɗa, uwata, sake faɗa. Ba ta sake ba. Ta sa yatsan a cikin ramin da gara ta ci, ta bar shi a nan.

Na tambayi tsohon me aka rubuta a wurin. Ya rufe ido. Ya ce wallahi ya san gajeriyar magana ce, ya san ita ce ta fi ba su dariya, har sun yi wata guda suna jifan juna da ita a baranda. Amma ta tafi. Hajja ta ce ita ba ta iya karatu ba, kuma marigayi bai taɓa karanta mata ba.

Asabar ta zo ba a kawo wuƙa ba. Babu wanda ya ce a fasa, kawai babu wanda ya tashi. Hajja ta shigo da kwallinta da tsinke, ta tsuguna a gaban 'yar zanen, ta daɗe, ta tashi ta fita ba ta taɓa ta ba.

Maganar ta zo a hankali bayan haka. Ruwa ta fara cewa, sai Hajja, sai a'a, wadda ta fi kowace yawa. Da ubanta ya dawo daga Basunda ta ce masa Baba, ya zauna a bakin angareb ya rufe fuska da hula. Likita ta ce ai ta faɗa mana, jinkiri ne. Maƙwabciya ta ce buɗe takardar ne ya kwance ɗinkin. Ni ban san wanda zan bi ba, na dai gode wa Allah.

Abu ɗaya ne bai bari ba. Har yau in gida ya mutu bayan azahar, takan je ta tsuguna a gaban dolab, ta sa yatsa a ramin, leɓenta yana motsi babu sauti, gajeren abu, kullum iri ɗaya. Sai ta yi dariyar nan. Na taɓa tsugunawa kusa da ita na ce, "Me ta ce? Faɗa wa Mama." Ta waiwaya wajen labule, yadda tsohon nan ya yi, sannan ta ɗora tafin hannunta a kan bakina.

Tsohon ya rasu da damina. Na tambayi masu sayar da ɗa'amiyya, ƙosan garin nan, da suke naɗi da tsohuwar takarda, na tambayi baƙinmu na Khartoum, babu wanda ya san zanen.

Don haka nake roƙo. In kai tsoho ne, ko akwai tsoho a gidanku da ya karanta jaridun wancan zamani, a tambaye shi: soja marar kunne yana ɗinke bakin mutum da zaren wandonsa, ga 'yar yarinya a kusurwa tana nunawa. In ya tuna abin da yarinyar ta ce, don Allah a aiko min ta hannun duk wanda zai zo Gadarif, a ajiye a layin teloli, za su san gidan. Ina son in san abin da 'yata take faɗa.